Rabin Tambaya a Rumfar Zaɓe: Yadda Ƙuri'ar Jama'a Ke Dabaibaye Baitulmalin Jihohin Amurka

A farkon watan Yulin 2009, gwamnatin jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara biyan 'yan kwangila da ƙananan hukumomi da masu bin ta ragowar kuɗin haraji da wata takarda mai kama da cakin banki, alhali ba caki ba ce. Shaida ce kawai cewa jiha ta san da bashin, kuma za ta biya idan kuɗi sun samu, da ɗan ruwa a kai. Manyan bankuna suka karɓi takardun na 'yan kwanaki, daga nan suka janye jiki. Ma'aikatan jiha kuwa aka ce su riƙa zaman gida Juma'a uku a wata, ba albashin waɗannan ranaku. Ba wata matalauciyar jiha ake magana ba: da Kalifoniya ƙasa ce mai cin gashin kanta, da tattalin arzikinta yana cikin goma na farko a duniya. Giɓin kasafin kuɗinta ya kai kimanin dala biliyan 26, kuma gwamna Arnold Schwarzenegger da 'yan majalisa sun rasa ta inda za su ɓullo wa lamarin. Ƙarin haraji sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisa, abin da aka samu da ƙyar a watan Fabrairu, bai kuma sake samuwa ba. Rage kuɗin makarantu ya ci karo da tsarin mulkin jiha. A watan Mayu an kai wa jama'a ƙudirori shida don a samu sararin numfashi, suka yi fatali da biyar, suka amince da guda tak: wanda ya hana ƙara wa 'yan majalisa da manyan jami'ai albashi a shekarar da ake da giɓi. Karayar tattalin arzikin 2008 ba ta ƙyale jiha ko ɗaya ba, amma dabaibayin da ya hana Kalifoniya motsi a wannan shekara, akasarinsa masu zaɓe ne suka tufka shi da hannunsu, igiya bayan igiya, cikin shekara talatin.

Mai karatu a Najeriya ko Nijar ya san ƙuri'ar raba gardama a matsayin abin da ake yi jefi-jefi, kuma daga sama take saukowa: a Nijar an yi ta kan sabon kundin tsarin mulki a 2010, a Najeriya kuwa tsarin mulkin 1999 ya tanade ta ne wajen ƙirƙirar sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma da yi wa ɗan majalisa kiranye. A kusan rabin jihohin Amurka 50 lamarin ya sha bamban. Duk wanda ya rubuta ƙudiri, ya kuma tara sa hannun adadin masu zaɓen da doka ta ƙayyade, yana iya hawa da shi takardar ƙuri'a, kuma idan rinjaye suka ce e, ya zama doka, ko ma sashen tsarin mulkin jiha, ba tare da majalisa ta amince ko gwamna ya rattaba hannu ba. Gwamnatin tarayya ba ta da irin wannan ƙofa. Ta jihohi ce da birane. Dakota ta Kudu ce ta fara a 1898, Oregon ta biyo a 1902, Kalifoniya ta shigo a 1911 zamanin gwamna Hiram Johnson, wanda ya ci zaɓe da alkawarin ƙwato jihar daga hannun kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific, lokacin da yawancin masu faɗa a ji a majalisa 'yan amshin shatan kamfanin ne. A yau a Kalifoniya ana neman sa hannun da ya kai kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'un zaɓen gwamna da ya gabata idan doka ce, kashi 8 idan gyaran tsarin mulki ne. Bayan zaɓen 2022, mutum 546,651 ke nan da 874,641, kuma cikin kwana 180.

Hanyar tana da amfani a wurare da dama, kuma za a zo kansu. Amma idan batun kuɗi ne tana da lahani guda babba, kuma a ganina lahanin yana cikin siffar tambayar da ake yi wa mai zaɓe ne, ba cikin hankalinsa ba. Kasafin kuɗi abu ne guda mai fuska biyu, abin da zai shigo da abin da zai fita, kuma duk wanda ya ƙara wa wani sashe dole ya faɗi wanda zai rage wa ko wanda zai ƙara wa haraji. Majalisa, duk da tarin laifuffukanta, a zama ɗaya take fuskantar fuskokin biyu, domin dokokin kusan dukkan jihohi sun tilasta a daidaita kasafi. Takardar ƙuri'a kuwa rabin tambaya take kawowa. Tamkar a tara mutanen gida ne ran Asabar a tambaye su ko a ƙara nama a miya, su ce e. A sake tara su ran Lahadi a tambaye su ko a rage kuɗin cefane, su ce e. Ran Litinin kuma a taru a kan uwargida don me miya ta yi tsululu. Kowace amsa tana da hujjarta idan aka ɗauke ta ita kaɗai. Haɗa su ne ba ya yiwuwa, kuma wanda aka bar wa haɗawar ba shi ya yanke hukuncin ba.

Uban gayyar irin waɗannan ƙuri'u shi ne Ƙudiri na 13 na Kalifoniya, kuma adalci ne a fara da cewa ruwa bai yi tsami banza ba. A shekarun 1970 farashin gidaje a jihar ya yi tashin gwauron zabi, kuma da yake ana yanka harajin gida bisa kimarsa a kasuwa, sai 'yan fansho da suka gama biyan bashin gidajensu tuntuni suka riƙa ganin takardar haraji tana kumbura alhali abin da ke shigo musu bai motsa ba. A daidai lokacin baitulmalin jiha na ɗauke da rarar kimanin dala biliyan 5, majalisa kuma tana ta jan ƙafa kan sassauci. Howard Jarvis, tsohon ɗan kasuwa mai kaifin baki da ke aiki da ƙungiyar masu gidajen haya a Los Angeles, da abokin tafiyarsa Paul Gann, suka tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya. Ranar 6 ga Yunin 1978 kusan kashi 65 cikin ɗari suka ce e. Aka tsayar da harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin ɗari na kimarsu, aka mayar da kimar zuwa ta 1975, aka hana ta ƙaruwa da fiye da kashi 2 a shekara sai fa idan an sayar da kadarar. Sannan aka ƙara wani sharaɗi da mutane da yawa ba su mai da hankali kansa ba a lokacin, alhali shi ne ya fi tasiri a siyasar jihar: daga ranar, majalisa ba ta ƙara kowane irin haraji sai da kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta. Rage haraji kuwa rinjaye maras yawa ya wadatar.

Kuɗin da ƙananan hukumomi da gundumomin makarantu ke samu daga wannan haraji ya faɗi da fiye da rabi a shekara guda. Duniya ba ta tashi ba kamar yadda masu adawa suka yi ta tsoratarwa, domin jiha ta ɗebi sama da dala biliyan 4 daga rararta ta toshe ramin, shi kuma gwamna Jerry Brown, wanda ya yaƙi ƙudirin kafin zaɓe, da ya ga kiɗa ya canza sai ya canza rawa, ya rungume shi hannu bibbiyu, ya sake cin zaɓe a Nuwamba. Amma a nan ne abin da ba a tambayi kowa ba ya auku. Ƙudirin ya ce kashi ɗaya, bai ce yadda za a raba shi tsakanin birni da gunduma da makaranta da hukumar kashe gobara ba. Ya bar wa majalisa. A 1979 majalisa ta tsara rabon bisa kason da kowace hukuma ke samu kafin ƙudirin, kuma har yau tushen rabon ke nan, ko da ƙauyen wancan zamani ya zama birni. A da, hukumar makarantun gari ita ke yanka harajinta, ita kuma iyaye ke tuhuma idan ta yi almubazzaranci ko ta yi rowa. Daga baya akalar kuɗin makaranta ta koma Sakaramento, babban birnin jiha. Da jiha ta shiga matsi a 1992 da 1993, sai ta karkatar da biliyoyin daloli na harajin gidaje daga birane da gundumomi zuwa makarantu don ta sauke nata nauyin, kuma babu yadda suka iya. Waɗanda suka fito don rage wa gwamnati ƙarfi, gwamnatin da ta fi nisa da su suka miƙa wa linzami. Ba za a ɗora wa ƙudirin duka laifin ba, domin tun 1971 kotun ƙolin jiha, a shari'ar Serrano, ta fara tilasta daidaita kuɗin makarantu tsakanin unguwannin masu hali da na marasa hali. Amma shi ne ya ƙarasa aikin cikin dare ɗaya.

Wanda ya fi jin jiki shi ne baƙon shigowa. A 1988 wata lauya mai suna Stephanie Nordlinger ta sayi ɗan gida a Los Angeles kan dala 170,000, aka yanka mata haraji kimanin dala 1,700 a shekara, ninki biyar na abin da wasu maƙwabtanta masu gidaje irin nata ke biya. Bayanan shari'arta sun nuna cewa 'yan daloli kaɗan ne tsakaninta da wani mai gidan bakin teku a Malibu da kimarsa ta kai dala miliyan 2.1, don kawai shi ya mallaki nasa kafin 1976. Ta kai ƙara har kotun ƙolin Amurka, ta sha kaye a 1992, alƙalai takwas da ɗaya. Kotu ba ta ce tsarin na da kyau ba, cewa ta yi bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasa ba. A 2003 hamshaƙin attajiri Warren Buffett ya faɗa wa 'yan jarida cewa gidansa na Laguna Beach mai kimar dala miliyan 4 harajinsa bai kai dala 2,300 ba, alhali gidansa na Omaha a jihar Nebraska, mai kimar dala 500,000, yana biya masa sama da 14,000. Yana cikin masu ba Schwarzenegger shawara a yaƙin neman zaɓe a lokacin, kuma ɗan takarar bai ɓata lokaci ba wajen nesanta kansa da maganar. Kariyar da aka yi don tsohuwa 'yar fansho ta lulluɓe otal da masana'anta da dogon benen ofisoshi, kuma kamfani ba ya mutuwa balle a raba gadonsa. Ko an sayar, lauyoyi sun san yadda ake kasa hannun jari yadda babu mai riƙe fiye da rabi, don kada a sake kimantawa. Da aka nemi cire manyan kadarorin kasuwanci daga wannan inuwa a 2020, ƙudirin ya faɗi da kimanin kashi 52 da 48.

Kuɗin da aka hana shigowa ta ƙofa, ta taga ya biyo. Birane suka koma ga kuɗaɗen lasisi da na izinin gini da tara, suka ɗora wa sababbin unguwanni kuɗin titunansu da makarantunsu, suka kuma fi maraba da kantin sayar da motoci fiye da rukunin gidaje, domin kanti na kawo harajin ciniki, gidaje kuwa yara suke kawowa masu neman aji da malami. A jihar da tsadar muhalli ta addabi kowa, wannan ba ƙaramar illa ba ce. Ita kuma jiha, da ta ɗauki nauyin makarantu, sai ta jingina da harajin kuɗin shiga, wanda a yau ya fi rabin asusunta, kuma a wasu shekarun kashi ɗaya cikin ɗari na masu biya ne ke kawo kusan rabinsa, daga ribar hannun jari. Harajin gida ba ya saurin hawa, ba ya saurin sauka. Wannan kuwa da kasuwar hannun jari yake kwana, da ita yake tashi. A Mayun 2022 gwamna Gavin Newsom ya sanar da rarar dala biliyan 97.5. A Disambar 2023 ofishin nazarin kasafi na majalisa ya yi hasashen giɓin biliyan 68.

Rabin labarin ke nan. Ɗayan rabin shi ne mutanen da suka toshe hanyar shigowar kuɗi su ne suka yi ta buɗe hanyoyin fitarsa, kuma kowane kulle wani kullen yake haifarwa. A 1979 Gann ya dawo da ƙudirin ƙayyade abin da jiha za ta kashe, wanda a 1987 ya tilasta mayar wa masu biyan haraji dala biliyan 1.1 a lokacin da azuzuwa ke cike maƙil. Ƙungiyar malamai ta ce ita ma ta san hanyar rumfar zaɓe, ta kawo Ƙudiri na 98 a 1988, ya wuce da ƙyar, ya keɓe wa makarantu da ƙananan kwalejoji kimanin kashi 40 cikin ɗari na babban asusun jiha ta wani lissafi mai sarƙaƙiya da ko a Sakaramento 'yan tsiraru ne suka iya warware shi. A 1994, bayan sacewa da kisan wata yarinya 'yar shekara 12 da ya girgiza jihar, sama da kashi 70 suka amince da dokar laifi uku: mai manyan laifuffuka biyu a baya, idan ya sake, ɗaurin shekara 25 ne zuwa rai da rai. Har wanda ya saci sandunan wasan golf uku ta rutsa da shi, kotun ƙolin Amurka kuma ta tabbatar a 2003. A 2002 aka keɓe kuɗin darussan bayan tashi daga makaranta, a 2004 aka ciyo bashin dala biliyan 3 don binciken ƙwayoyin halitta. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo da harajinsa. Sai nauyin ya faɗa kan sassan da ba su da ƙudirin da ke kare su: jami'o'i, kotuna, tallafin marasa galihu. Schwarzenegger da kansa ya shaida wa majalisa a Janairun 2010 cewa gidajen yari na cin kusan kashi 11 na asusun, jami'o'i kashi 7.5, alhali shekara talatin baya jami'o'i ke da 10, gidajen yari 3. Dokar laifi uku ba ita kaɗai ta cika kurkuku ba, amma ta taimaka, har a 2011 kotun ƙolin Amurka ta umarci jihar ta rage cunkoson da ya kusan ninka abin da aka gina gidajen dominsa.

Kolorado ta nuna abin a fili fiye da kowa, domin a can umarni biyu masu karo da juna suna zaune a kundi ɗaya. A 1992 masu zaɓe suka amince da gyaran da ake kira TABOR, na Douglas Bruce: babu ƙarin haraji sai da ƙuri'ar jama'a, kuɗin shigar gwamnati ba zai ƙaru da fiye da hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a ba, abin da ya haura a mayar wa masu shi. A 2000 masu zaɓen jihar dai suka umarci kuɗin kowane ɗalibi ya riƙa ƙaruwa da hauhawar farashi da ƙarin kashi ɗaya har shekara goma. Da tattalin arziki ya karye a 2001, sai aka gano cewa iyakar TABOR daga abin da aka samu bara take tashi, don haka idan kuɗi ya faɗi shekara guda, iyakar ta faɗi ke nan, ba ta komawa inda take ko da arziki ya dawo. Sai da gwamna Bill Owens, ɗan jam'iyyar Republican, ya roƙi jama'a a 2005 su jingine mayar da rarar na shekara biyar. A birnin Colorado Springs, mazaunin Bruce, da jama'a suka ƙi ƙarin haraji a 2009, hukuma ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na fitilun tituna, ta ce mai son na ƙofar gidansa ya ci gaba da haske ya biya daga aljihunsa. Unguwar masu hali ba ta daɗe cikin duhu ba.

Akwai masu cewa duk wannan raini ne ga talaka: kuɗinsa ne, shi ya fi cancanta ya ce ga yadda za a yi da su, kuma majalisu ba waliyyai ba ne. Maganar tana da nauyi, kuma shaidarta a bayyane take. Jihohi bakwai, Maine da Idaho da Nebraska da Utah da Oklahoma da Missouri da Dakota ta Kudu, ta ƙuri'ar jama'a suka faɗaɗa inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi ta Medicaid tsakanin 2017 da 2022, bayan 'yan siyasarsu sun ƙi, duk da cewa tarayya ke biyan kashi 90 na kuɗin. A Fulorida a 2020 sama da kashi 60 suka amince a ɗaga mafi ƙarancin lada zuwa dala 15 a sa'a. A irin waɗannan wurare, inda aka yanka mazaɓu yadda jam'iyya ɗaya ba ta jin tsoron kowa, wannan ƙofa ce kaɗai ta rage wa jama'a, kuma mai son a toshe ta sai ya faɗi wadda zai buɗe a madadinta. Sai dai ko a nan rabin tambayar ta yi aikinta. Ƙudirin Missouri na 2020 bai faɗi inda kason jiha zai fito ba, sai majalisa ta fake da haka ta ƙi ware kuɗin a 2021, har kotun ƙolin jiha ta ce dole a aiwatar. Rashin cika tambayar ne ya ba masu ƙin amsar mafaka, kuma marasa lafiya ne suka yi jiran shari'a.

Ƙorafi na biyu daga masana yake, kuma ya fi wuyar amsawa. John Matsusaka na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya daɗe yana nazarin wannan fanni, ya nuna cewa jihohi masu wannan hanya sun fi ƙarancin haraji da kashe kuɗi da ɗan kaɗan a ƙarshen ƙarni na 20, daidai da abin da rinjayen jama'a ke so, kuma a lissafinsa kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kasafin Kalifoniya ƙudirorin jama'a suka kulle, akasarinsa kuɗin makarantu ne da ko babu doka za a kashe. Ana kuma iya nuna Illinois da New Jersey, inda jama'a ba sa yin dokar kuɗi da ƙuri'arsu, amma bashin fansho ya yi musu katutu; Illinois ta shekara biyu, 2015 zuwa 2017, ba cikakken kasafi. Duk gaskiya ne, kuma ya isa ya hana kowa cewa ƙuri'ar jama'a ce uwar kowace ɓarna. Amma lissafin kashi ɗaya cikin uku na shekarar walwala ne. A shekarar fari, bayan an cire biyan bashi da abin da tarayya da kotuna suka wajabta, ɗan abin da ya rage ne ake iya motsawa, kuma a nan kulle ke ciwo. Ballantana sharaɗin kashi biyu cikin uku ya rufe ɗayar hanyar. Bambanci da Illinois kuwa shi ne a can mai zaɓe ya san wanda zai hukunta, ya kuma hukunta: gwamnan da aka yi rikicin a zamaninsa ya faɗi zaɓen 2018. A Kalifoniya ɗan majalisa na iya cewa ba shi ya ɗaure ba, kuma gaskiyarsa. Mai ƙudiri ya daɗe da kama gabansa, ba ya kan takardar ƙuri'a balle a kayar da shi.

Za a ce ai jama'ar sun gyara da kansu, kuma sun gyara ɗin. A 2010 sun amince a riƙa zartar da kasafi da rinjaye maras yawa. A 2012 sun amince da Ƙudiri na 30 na Jerry Brown, wanda ya dawo gwamna bayan shekara 28, aka ƙara wa masu samun sama da dala 250,000 haraji. A shekarar ce kuma suka sassauta dokar laifi uku. A 2014 suka ƙarfafa asusun ajiya don ranar wuya. Abin dubawa shi ne farashin gyaran. Shekara 18 aka yi kafin a sassauta dokar laifi uku, domin a Kalifoniya majalisa ba ta iya gyara abin da jama'a suka zartar sai ƙudirin da kansa ya ba ta dama, in ba haka ba sai an koma rumfa, kuma komawa rumfa sai mai kuɗi. Kotun ƙolin Amurka ta halatta wa kamfanoni kashe kuɗi kan irin wannan yaƙin neman ƙuri'a a 1978, ta kuma hana jihohi haramta biyan masu tara sa hannu a 1988. Yanzu sana'a ce: mutumin da ke tsaye bakin babban kanti da allon rubutu a hannu, galibi kan kowane sa hannu ake biyan sa. A 2020 kamfanonin Uber da Lyft da DoorDash da abokansu sun kashe sama da dala miliyan 200 kan ƙudirin da ya ce direbobinsu ba ma'aikata ba ne, suka kuma rubuta a ciki cewa gyara shi sai da kashi bakwai cikin takwas na majalisa. Kuɗi ba kullum yake sayen amsa ba: a 2022 an zuba sama da dala miliyan 400 kan ƙudirori biyu na cacar wasanni, jama'a suka watsar da su duka. Abin da kuɗi ke saye tabbas shi ne damar rubuta tambayar, kuma ga wanda ya san Southern Pacific aka yi hanyar don a karya, wannan abin takaici ne.

Gyaran da ya dace ba ɓoyayye ba ne, wasu jihohin ma sun gwada. Arizona ta amince a 2004 cewa duk ƙudirin da ya wajabta kashe kuɗi sai ya zo da sabuwar hanyar samun su, Nevada ma tana da makamancin sharaɗin. A jihar Washington majalisa na iya gyara ƙudirin jama'a da kashi biyu cikin uku a shekara biyun farko, daga nan da rinjaye maras yawa, shi ya sa ta iya jingine wasu alkawuran ilimi a shekarun matsi. Ya kamata sharaɗin Arizona ya yi aiki ta fuska biyu, mai neman rage haraji shi ma ya faɗi abin da za a daina yi. A kuma hana lambobin kasafi shiga tsarin mulki, a sa wa kowane ƙudirin kuɗi wa'adi. Gaskiya ne haɗa ƙudiri da haraji na jawo masa maƙiya: a Montana a 2018 ƙudirin Medicaid da aka jingina da harajin taba ya faɗi bayan kamfanonin taba sun yi masa ca. Amma a shekarar Utah ta amince da nata tare da ɗan ƙarin harajin ciniki, Kalifoniya kuma ta ƙara dala 2 kan kowane kwalin sigari a 2016 duk da miliyoyin kamfanonin. Mai zaɓe yana iya jin cikakkiyar tambaya ya amsa. Wannan ya sha bamban da abin da wasu majalisu ke yi da sunan gyara, wato ɗaga rinjayen da ake buƙata don kawai su tsare kujerunsu daga jama'a, kamar yadda aka nemi mayar da shi kashi 60 a Ohio a Agustan 2023, masu zaɓe suka ƙi.

Kalifoniya dai ba ta ɗauki ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba. A Nuwambar 2024 kimanin kashi 68 suka amince da Ƙudiri na 36, wanda ya tsananta hukuncin maimaita sata da wasu laifuffukan ƙwaya, ya kuma yi alkawarin kai masu shaye-shaye wurin magani maimakon kurkuku. Ofishin nazarin kasafi ya rubuta a littafin jagorar da aka aika wa kowane mai zaɓe cewa zai ci jiha daga gomman miliyoyin daloli zuwa 'yan ɗaruruwan miliyoyi a shekara, zai kuma rage rarar da wani ƙudirin 2014 ke zubawa a asusun kula da masu shaye-shaye ɗin. A cikin ƙudirin babu layi ɗaya da ya ce ga inda kuɗin zai fito, kuma watannin farko na 2025 sun tafi ne wajen jayayya tsakanin gwamna da majalisa da gundumomi kan wanda zai biya.